Fatihar Inna a Bakin Murhun Banda

Ƙasar Benin na so zuwa. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don kada wani ya ɗauka tsabar tawali'u ce ta kai ni tungar masunta. Ƙungiyarmu ta mata a Yelwa, wadda muke haɗuwa muna karatu duk Asabar, ta shirya tura 'yan sa-kai su karantar da mata a wasu ƙauyuka na hayin iyaka, ni ce kuwa na fara ɗaga hannu. A lokacin ban daɗe da fita takaba ba. 'Ya'yana mata duk suna ɗakunansu, namijin yana aiki a Birnin Kebbi, gida ya yi mini faɗi. Takalman maigidana suna nan a bakin ƙofa inda ya cire su ranar da aka kai shi asibiti, na kasa ɗaukewa, na kuma kasa kallonsu. Salla ina yi, azumi ina yi, amma zuciyata a bushe take. So nake in yi nisa, in je inda babu wanda zai tare ni a hanya ya karkata kai ya ce mini ya ƙarin haƙuri.

Na ɗinka hijabai sababbi, farare tas. Na zaga dangi har Shanga ina sallama, ana ta sa mini albarka kamar mai tafiya Makka. Har gaisuwar Faransanci na koya wajen wata maƙwabciyata 'yar Nijar. Ana dab da tafiya sai uwar ƙungiyarmu, wata Hajiya mai sanyin murya da ba ta taɓa ɗaga sauti ba amma kowa ke shakkarta, ta kira ni ta ce tafiya ta fasu, waɗanda za su sauke mu a can sun ce a dakata. Ta ce amma akwai wata tunga cikin ruwan babban tafki, gaba da Warra, sun daɗe suna neman malama, ko zan je?

Ƙanwata tana zaune lokacin da na ajiye wayar. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ashe ƙasar wajen taki da kwale-kwale a ka zuwa? In kin isa ki aiko muna da tsarabar tarwaɗa."

Dariyar nan ce ta sa na amsa. Matar da ta gama sallama da rabin ƙasar Yawuri ba ta da fuskar da za ta koma ta zauna a tsakar gida.

A Yelwa aka haife ni, kullum ina ganin kogi, amma ɗiyar tela ce ni, ƙafata ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba. Da jirgin inji ya tashi daga bakin ruwa a Warra, na damƙe katakon da nake zaune a kai, na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Matuƙin yana ta hirarsa da wani mai buhun gishiri, ko a jikinsa. Tun kafin in hango tungar na hango hayaƙinta, tun kafin mu tsaya kuma ƙarnin kifi ya zo ya yi mini maraba. 'Yan ɗakunan laka ne da bukkoki, taruna a shanye ko'ina, agwagi suna yawo kamar su ne masu garin.

Gidan mahaifiyar mai tunga aka sauke ni. Kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Gajeruwa ce, damtsenta kamar na namiji, idanunta jajur saboda hayaƙi, muryarta kuwa in ta kira jika daga ƙofar ɗaki, masu jefa tarun birgi a tsakiyar ruwa sai sun waiwayo. Ita ce babbar matan tunga. In an yi haihuwa ita ake kira, in miji da mata sun saɓa ita ke shiga, in an rasa yadda za a yi da wani abu sai a ce a tambayi Inna.

Aikin matan wurin ɗaya ne, banda. Maza su kamo kifi, mata su gyara shi, su lanƙwasa tarwaɗa su soke kai da wutsiya da tsinke, su jera a kan ragar waya bisa wani murhun laka mai tsawon ƙugu, su hura wuta a ƙasa. Wutar ba a so ta yi harshe, ba a so ta mutu. In ta tashi kifi ya ƙone, in ta kwanta ya ruɓe, wahalar maigida ta kwana guda a kan ruwa ta tafi a banza. Na ga murahun nan a jere ranar da na iso, na toshe hanci da bakin hijabi na wuce. Ni karatu ya kawo ni.

Mai tunga ya sa samari suka kafa mini rumfa a gefen gari, nesa da hayaƙi kamar yadda na roƙa. Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarmi, na sa farin hijabina, na zauna a tsakiya na ɗauki carbi na sunkuyar da kai. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na san ranar farko ba a sakin fuska.

Ba a jima ba sai ga mata sun fara zuwa, bibbiyu, uku-uku. Kowacce ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin tabarma.

"Sannu Malama. Ina haƙuri? Allah shi jiƙan rai, Allah shi sa ya huta."

In amsa, su ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, wata ta ajiye kifi, wata 'yar ƙwaryar gero, su tashi su tafi. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai ladabi, sun ji labarin rasuwar maigidana, sun fara da gaisuwa, gobe sai karatu. Gobe ta yi, aka sake haka. Jibi har daga wata tunga aka zo cikin kwale-kwale, tsofaffi da masu goyo, aka yi mini gaisuwa aka juya. Kifi ya taru a gefena har ƙudaje suka san wurin zamana. Ɗaliba kuwa ko ɗaya.

Da abin ya ishe ni na tari Inna tana wanke hannu a bakin randa.

"Inna, wai matan garin ga ba su son karatu na? Kowa taz zo sai ta gaishe ni ta tahi."

Ta ɗago ta dube ni.

"Wane karatu? Ba zaman makoki ki kai ba?"

Na ce makokin wa?

"Na mijinki mana. Ɗiyata, nan garin mace mai lahiya ba ta zama bisa tabarma da hantsi hannu sake, sai in an yi mata mutuwa. Munka ji mijinki ya rasu, munka gan ki da hwararen kaya da carbi kin duƙe kai, munka ce wayyo, baiwar Allah ba ta samu masu gaisuwa ba can garinsu, taz zo nan. Ni na aika ma tungar gaba su zo, kada ki ga kamar ba ki da kowa."

Na zauna a kan turmi na fara dariya. Na gudo daga Yelwa don kada a ce mini ya haƙuri, na zo na kafa rumfa da kaina, na shimfiɗa tabarma, har ana tsallako ruwa a faɗa mini. Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban san inda dariyar ta ƙare ba, na ji ina kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da gawar maigidana. Inna ba ta ce in yi shiru ba. Ta jawo kaina ta kifa a ƙirjinta mai warin hayaƙi, tana bubbuga bayana da hannun da ko bushewa bai yi ba. Da na tsagaita ta ce, "To ashe dai ba mu yi kuskure ba," ta koma wajen wutarta.

Ina jin kukan nan ne ya sa ta amince da ni. Bayan azahar ta shigo ɗakin da nake, ta saki asabari, ta zauna kusa da ni. Matar da ake jin muryarta a tsakiyar ruwa ta koma yin raɗa.

"Malama, wata magana ta, amma daga ni sai ke sai Allah. Ni Hwatiha ba ni da ita duka."

Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, a cikin jirgin babanta ta girma, yau wannan tunga gobe waccan. Ta ga yadda ake tsayuwa da ruku'u da sujada ta kwaikwaya, ta tsinci farkon Fatiha a bakin mutane, ta tsinci amin. Lokacin da ya kamata ta tambaya babu wanda za ta tambaya, da ta samu wanda za ta tambaya kuma ta riga ta zama wadda ake tambaya. Surukanta suna bayanta suna kallo, sai ta riƙa motsa leɓe daidai tsawon da ta ga ana yi.

"Ina da kai, ina da amin, tsakiya ta babu. Ga shi gwiwa ta hwara gaya min magana. Ina tsoron in tahi gaban Ubangijina da rabin gaisuwa."

Na yi karatu wajen malamai da dama, ban taɓa jin wanda ya faɗi abin da salla take a taƙaice haka ba. Na ce mata in Allah ya yarda ba zan bar tungar nan ba sai ta haɗa ta. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wadda ta koya wa yara masu majina karatu aji-aji. Tsohuwa ɗaya da sura ɗaya, me zai gagara?

Ya kuwa gagara. Kullum bayan azahar sai ta shigo a sace, ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran hukunci. In faɗi aya, ta maimaita, in ƙara ta gaba, ta farkon ta zube. Gumi ya riƙa keto mata. Kunnenta ɗaya yana wajena, ɗaya yana waje, ana cikin karatu sai ta zabura, "Wutar yarinyar can ta tashi!" ta fice da gudu. Abin da muka ɗaure yau, gobe a nema a rasa. Ni kuma ba a san ni da dogon haƙuri ba, sai in ciji leɓe in sake daga farko, in ta fita in jefar da carbi a kan katifa. Rumfata tana can babu kowa, domin ko da Inna ta sanar cewa makaranta ce, babu macen da za ta bar kifin mijinta a kan wuta ta zo ta naɗe hannu.

A tungar ba a samun waya sai an hau wani tudu a tsaya kusa da tsamiya. Can nake zuwa in Hajiya ta neme ni. Ta tambaye ni ɗalibai, na ce suna nan tafe. Ta ce in abin bai yiwu ba babu laifi, amma lallai in dawo kafin damina ta yi ƙarfi, don ba ta son 'yan ƙungiya a kan ruwa lokacin iska. Na sauko daga tudun raina a jagule. Ranar a sujada ban roƙi komai ba, ƙara na kai. Na ce ya Ubangiji, ka ɗauke mini miji na yi shiru, ka hana ni Benin na yi shiru, yanzu ɗaliba ɗaya tak ka ba ni, ita ma ka ƙulle mata kai?

Zaman banza ne ya kai ni wajen banda, ba hikima ba. Na gaji da kallon agwagi, na je na tsaya a kan Inna na ce ta koya mini. Mata suka bar abin da suke yi suka zagaye ni. Tarwaɗar farko da na kama ta suɓuce ta faɗa ƙasa, ta biyu ƙayarta ta soke ni a yatsa na yi ƙara, matar mai tunga ta ce, "Malama, ta mutu hwa, ba ta cizo." Da aka bar mini murhu guda in kula da shi, na zuba masa itace irin na dafa wake, kafin a ankara kifin ya koma gawayi. Inna ta ɗaga guda ta juya shi a hannu ta ce wannan ko kare sai an roƙe shi. Farin hijabina ya koma launin shayi, idanuna suka yi ja irin na kowa. Ban taɓa shan dariya irin ta kwanakin nan ba, kuma abin mamaki, daɗi nake ji. Na fara cin abinci da yawa, na fara barci.

A bakin murhu Inna wata mace ce daban. Hannunta yana juya kifi, bakinta yana ba da labari, tana tsawata wa wannan, tana tsokanar waccan, ba ta manta komai ba ta rikice. Ni kuma ina da wata ɗabi'a da na gada wajen mahaifiyata, in hannuna yana aiki bakina yakan yi karatu ba tare da na sani ba. Wata safiya muna zaune gefe da gefe muna soke tarwaɗa, ina jan Fatiha a hankali, sai na ji wata murya tana bina ƙasa-ƙasa. Na saci kallo. Inna ce, idonta a kan kifi, ta wuce aya ta biyu, ta wuce ta uku, wuraren da muka yi makonni muna faɗuwa a ɗaki. Ba ta ma san ta yi ba. Na danne murnata na ci gaba da ja, kada in kore ta.

Washegari na tsaya a tsakiyar murahu na tafa hannu, na ce tunda sun ƙi zuwa makaranta, makaranta ta zo. Kada wadda ta ajiye aikinta. Zan faɗa, kowa ta maimaita daga inda take. Suka dubi juna suna 'yar dariya. Inna ta gane nufina nan take, tsohuwar nan ba ta da wasa. Ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Ba ku ji abin da Malama tac ce ba? Ku buɗe baki! Ni zan riƙa hwaɗi da ƙarhi don ku ji yadda a kai."

Haka ta ɓuya a tsakiyar jama'a, tana maimaitawa fiye da kowa wai don ta nuna musu. In ta yi tuntuɓe muryoyi sun rufe ta. A nan kuma na gane ba ita kaɗai ba ce. Akwai wadda take tsallake aya, akwai wadda ta haɗa biyu ta cure su wuri guda, kowacce tana zaton sauran sun iya. Babu wadda aka nuna da yatsa, kowa ta gyara nata a cikin hayaƙi. Masu dawowa daga kamun kifi da hantsi suka riƙa kashe inji tun daga nesa suna saurare. Mai tunga ya ce mini tun da yake bai taɓa cin kifin da aka yi wa karatu haka ba. Daga Fatiha muka shiga gajerun surori, muka yi alwala da wankan tsarki, duk a tsaye, duk ana juya kifi. Rumfata kuwa awaki suka gaje ta, sun fi kowa zuwa a kan lokaci.

Saura abu ɗaya. Ayar ƙarshe ta Fatiha, doguwar nan, ta ƙi zama wa Inna, ita kuma ta ƙi wucewa wata sura sai ta kama ta. A bakin murhu takan kawo ta sumul. Amma da ta yi alwala ta fuskanci gabas, hannu ya tsaya cik, sai ta kai tsakiyarta ta tsinke. Takan shigo ɗakina ta yi salla a gabana don in saurara, in ji ta taho, ta taho, sai shiru, sai in ga kafaɗunta sun sauka. Ta yi sallama ta zauna tana kallon tafin hannunta.

"Ga ta nan a baki, Malama, da na tsaya sai ta gudu. Ko in riƙa salla da tarwaɗa a hannu?"

Muka yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Na gwada duk dabarar da na sani. Na gutsuttsura ayar, na sa ta faɗa tana tafiya, na sa ta faɗa tana tsaye a bakin murhu hannu sake. Da hannun ya daina motsi sai tsoron kuskure ya taso ya shaƙe ta. Ga hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma, ruwan tafki ya fara yin baƙi yana tashi. Hajiya ta ce in biyo jirgin kasuwa mai zuwa. Na roƙi ƙarin lokaci, ta ce a'a cikin sanyin nan nata da ba a ja da shi. Na gaya wa Inna. Ta ce to, ta juya ta ci gaba da aikinta, ranar ban ji ta tsokani kowa ba.

Ban kai ga jirgin kasuwa ba. Sauron tunga ya daɗe yana cina, ni kuma ina taƙamar jinin Yawuri ne da ni. Zazzaɓi ya kwantar da ni lokaci guda, na sha magani na amayar, na sha ruwa na amayar. Da gari ya waye ban iya ɗaga kai ba. Na ji muryar Inna a tsakar gida tana ba ɗanta umarni ya zuba mai a inji. Matan tunga suka ce rabon da Inna ta bar murhunta ta shiga jirgi har sun manta, amma ranar ta bar kifi a kan wuta, ta shiga ta zauna a ƙasan jirgi, aka kwantar da ni ta ɗora kaina a cinyarta.

Iska ta taso muna tsakiyar ruwa. Jirgi ya riƙa hawa yana faɗuwa, ruwa yana fantsamo mana. Ni da nake karanta addu'ar shiga kasuwa a ruwa mai kwance, ranar ko tsoro ban iya ji ba. Abin da na sani, Inna tana tsoma bakin gyalenta a tafki tana matsewa tana shafa mini a goshi, tana kuma karatu a kaina. Fatiha take yi, da muryarta ta gaske, wadda ta fi ƙarar inji. Hali dai ba ya barin mai shi ko yana kwance. Jikina yana rawa, kaina kamar zai tsage, amma malamar da ke cikina ta kasa kunne tana jiran inda za a tsinke. Ta shiga ayar ƙarshe. Ta kai tsakiya, ta wuce, ta sauke ta har amin, ta tofa mini, ta sake ɗaukowa daga farko. Haka ta yi ta yi har muka ga bishiyoyin Warra. Na ce a raina, hannunta yana aiki ne, kada ki yi saurin murna, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Na farka a wani ɗan asibiti, an ɗaura mini ƙarin ruwa, jikina ya yi sanyi ya jiƙe da gumi. Ana kiran magariba a wani masallaci kusa. Inna ba ta san na farka ba. Ta shimfiɗa gyalen nan da bai gama bushewa ba a tsakanin gadona da bango, ta tayar da salla. Na ga hannuwanta, baƙaƙe masu tabon ƙaya, sun tsaya ba motsi. Na kasa kunne. Tana karantawa daidai yadda za ta ji kanta, ni ma ina ji. Na taɓa zama a ƙofar ɗakin haihuwa ina jiran 'yata ta fari ta sauka, irin wannan jiran na yi. Ta zo wurin da take faɗuwa kullum, ta bi ta kansa kamar ba a taɓa yin rami a wurin ba. Raka'a ta biyu ma haka.

Da ta yi sallama ta juyo, ta ga idona biyu, hawaye yana gangara mini cikin kunne. Ta matso da gwiwa.

"Kin ji?"

Na ce na ji.

"Ba gyara?"

Na ce ko ɗaya, Inna.

Ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ma'aikaciyar asibitin ta leƙo ta ga tsohuwa da majinyaciya sun rungume juna, ta ce mu yi hankali da allurar hannuna. Na tambayi Inna yaya aka yi yau ba ta gudu ba. Ta share fuska da bakin zane, ta yi ɗan tunani.

"Da can karatu ni kai, ina tsoron in ɓata. Yau cikin jirgi na manta da karatu na. Na ga za ki kuɓuce min, sai niy yi ta roƙon Ubangijina. Da nit tsaya yanzu, sai na ci gaba daga inda nit tsaya."

Na daɗe ina kallon silin ɗakin. Na zo da hijabai farare in koya wa mata yadda ake salla, ni da na yi wata da watanni ina tsayuwa gaban Ubangijina baki cike da karatu, zuciya ba ta cewa komai. Na ce ta taimaka mini in zauna. Ta kawo mini ruwa na yi alwala a gefen gado, na yi magaribata a zaune, a hankali, kamar yau aka fara koya mini.

Na koma Yelwa na yi jinya, ƙanwata ta samu tsarabar tarwaɗarta har kwali guda. Takalman nan na ɗauke su da hannuna, na goge, na ba wani dattijo maƙwabcinmu. Bayan damina Hajiya ta kira ni da albishir, ta ce hanyar Benin ta buɗe, sunana ne a gaba. Na yi mata godiya, na ce a ba wata. Ni akwai wata tsohuwa da ta aiko mini cewa ta gaji da sura ɗaya, kuma an ware mini murhuna, amma ba za a bar ni in sa itace da kaina ba.